An ce IL-6 ɗin Hajiyarmu ya hau, dan Allah me hakan ke nufi?

Maman_Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah likitocin gidan nan da masu aikin lab ku taimaka min. Hajiyarmu ce, shekararta 58, yau wata bakwai ke nan tana fama da ciwon gaɓɓai, yatsun hannu duka biyu da wuyan hannu, idan ta tashi da asuba ko butar alwala ba ta iya riƙewa sai hantsi ya fito sannan hannun ya saki. Ga kasala ga rama, jininta kuma kullum ƙasa yake, maganin ƙarin jini ta sha ya kai kwalba uku ba wani canji. Wani asibitin kuɗi suka ɗebi jini suka tura wani gari, jiya sakamako ya dawo an rubuta IL-6 46 pg/mL, a gefe an sa wai ƙa'ida ƙasa da 7, an ja masa jan layi. CRP kuma, wai gwajin kumburi a jiki, 38. Likitan ba ya nan sai Litinin. Ƙanena ya duba intanet ya ce ya ga ana ambaton cutar kansa (ciwon daji), wlh tun jiya ban runtsa ba.

Abu_Safwan:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗan_Lab_Zariya:
Amin. Yaya ki kwantar da hankalinki tukuna. IL gajarta ce ta intalukin, wasu ƙananan sinadarai ne da ƙwayoyin garkuwar jiki ke sakewa su aika wa juna saƙo, kamar dai mai shela a gari. Suna da yawa, sun haura talatin, kowanne da lambarsa da irin saƙon da yake kaiwa. Shi na 6 ɗin nan shelarsa ita ce "akwai matsala, a fito", to kin ga ko ɓarawo ne ya shigo ko gobara ce ko rijiya ce ta rufta, shelar ɗaya ce. Maleriya na ɗaga shi, nimoniya na ɗaga shi, ƙuna, tiyata, haɗarin mota, sikila lokacin da ciwo ya tashi, har ƙiba mai yawa domin kitsen ciki ma yana sakinsa. Ba gwajin cutar kansa ba ne.

Garba_Mai_Taya:
To ai in haka ne abin murna ne, garkuwar jikinta ta yi ƙarfi ke nan tunda lambar ta ninka wajen sau shida. Masu ƙanjamau ai neman ta hau suke.

Likita_Nura:
Malam Garba ba haka ba ne, ka haɗa abu biyu. Abin da ake ƙirgawa wajen masu ƙanjamau CD4 ne, su ƙwayoyin ne da kansu. Wannan kuwa saƙon ne. Hawansa ba ƙarfi ba ne, alama ce cewa jiki na cikin faɗa, kuma wani lokacin da kansa yake faɗan.

Hajiya Maman Khairat, ba zan iya gano ciwo ta waya ba, amma yadda kika kwatanta, yatsu na hagu da dama lokaci guda, sandarewa da asuba fiye da awa ɗaya, wata bakwai, mace mai wannan shekaru, abin da zai fara zuwa ran kowane likita shi ne amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke cin rufin gaɓa, wanda muke ce wa rumatoyid. Kuma kusan duk abin da kika lissafa IL-6 na da hannu a ciki. Shi ke zuwa hanta ya sa ta ƙera CRP, shi ya sa kika ga su biyun sun tashi tare. Shi ne kuma yake sa hanta ta saki wani sinadari hefsidin, wanda ke rufe ƙofar da sinadarin ayon, wanda ake haɗa jini da shi, ke bi daga hanji ya shiga jini, ya kuma kulle wanda ke ajiye a jiki ya hana shi fita. To sai a yi ta shan maganin jini, ayon ɗin na shiga ciki yana wucewa, ɓargo kuma yana zaune ba kayan aiki. Har asubar da kika ambata, a masu wannan ciwo IL-6 ya fi yawa a jini a ƙarshen dare zuwa wayewar gari. Ki duba min takardar gwajin jinin gaba ɗaya, nawa filatilet ɗinta, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, waɗanda ake rubutawa PLT?

Maman_Khairat:
Dokta Allah ya saka da alheri, har na ɗan ji sanyi. Na duba, an rubuta PLT 520, shi ma da alama a gefensa. Hb, wato awon yawan jini, 9.1.

Likita_Nura:
Ya yi daidai da abin da nake zato, IL-6 yana ɗaga filatilet ma. Amma zato ne, sai an yi RF da anti-CCP (gwajin amosanin gaɓɓai) da ESR (na kumburi) da feritin (na ajiyar ayon), an kuma taɓa gaɓɓan da hannu.

Inna_Ta_Gwale:
'Yata ni ce shaida, shekarata tara da wannan ciwo. Da farko sanyin ƙashi aka yi ta ce min, babu irin jiƙon da ban sha ba, har tsaga an min a gwiwa. Lokacin da na je wajen likitan gaɓɓai yatsuna biyu sun riga sun karkace, yanzu ko zobe ba ya shiga, allura kuwa na manta rabon da in zura zare, ni da nake ɗinkin hula. Ni ba a taɓa min wannan gwajin na IL ba, CRP da ESR kawai ake duba min duk wata uku. Kada ku ɓata lokaci irin nawa, abin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa.

Sarkin_Yawa22:
Ku nemi habbatus sauda da zuma da kurkur, akwai kuma wani kafso da nake sayarwa yana sauke duk wani intalukin cikin sati biyu, a min magana ta akwati.

Nas_Hauwa:
Malam dan Allah ba a talla a kan rashin lafiyar uwar wani. Zuma da habba ba wanda ya hana, abinci ne mai albarka, amma kafson da "ke sauke duk wani intalukin" in da gaske yana yin hakan ai kashe mutum zai yi, domin da su jiki ke yaƙar cuta. Wasu intalukin ɗin ma aikinsu kwantar da tarzoma ne, kamar IL-10.

Ni a lokacin korona na san wannan kalma, ina aiki a wajen killace majinyata. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda mutum zai yi kwana bakwai takwas yana ɗan zazzaɓi yana hira da mu yana cin abinci, sai dare ɗaya numfashi ya rikice, abin da muke maƙala masa a yatsa ya nuna 82, 79, kana ƙara oksijin yana ƙara sauka. Likitoci suka ce a lokacin ba ƙwayar cutar ce kaɗai ke ɓarna ba, jikin ne ya yi ta sakin saitokain, wato sinadaran saƙon garkuwa irin su intalukin, ba birki har huhu ya cika da ruwa, guguwar saitokain suke ce mata. Akwai wani dattijo da ya riƙe min hannu yana so ya yi magana numfashi ya hana, har yau ina ganinsa.

Usman_Dalibi:
Allah ya jiƙansu. Anti Hauwa wannan shi ne abin da binciken RECOVERY na jami'ar Oksfod a Birtaniya ya duba. A watan Yunin 2020 suka sanar cewa deksametazon, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, miligiram 6 a rana har kwana goma, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a masu shan oksijin kawai. Daga baya suka gwada tosilizumab, maganin da ke toshe wurin da IL-6 ke sauka a jikin ƙwaya, a mutum 4,116, waɗanda aka ba kashi 31 cikin ɗari suka rasu, waɗanda ba a ba ba kashi 35. A Yulin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa bayarwa ga masu tsanani. Abin da ya ba ni sha'awa, wajen zaɓar wanda za a ba maganin ba IL-6 suka auna ba, ƙarancin oksijin da CRP 75 zuwa sama suka duba.

Garba_Mai_Taya:
Na karɓi gyara Dokta. To tunda deksa na kwantar da abin kuma ga shi da araha a kowane kemis, me zai hana a saya wa Hajiya ta fara kafin Litinin?

Likita_Nura:
A'a dan Allah, kada a yi. Na farko zai ɓata gwaje-gwajen da za a yi, ya rufe alamomin da likita ke son gani. Na biyu wannan magani shi ne ya fi cika mana asibiti da matsala, mata na sha don ƙiba, masu kemis na zuba shi cikin haɗin ciwon jiki, mutum ya ji garau kwana biyu sai ya maida shi abinci, bayan wata shida ya zo fuska ta yi fam kamar wata, suga ya hau, hawan jini, ƙashi ya yi taushi, tarin fuka da ya kwanta ya farka. In kuma ya daina rana ɗaya jiki ya zube. Likitan gaɓɓai yakan ba da irinsa kaɗan na ɗan lokaci, amma da lissafi.

Kuma ko a binciken da Usman ya kawo, waɗanda ba sa buƙatar oksijin deksa bai amfane su ba. Haka a 1982 an gwada shi a Tailan a kan masu maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, ita ma saitokain na hawa sosai a cikinta, amma maimakon ya taimaka sai ya tsawaita suman. Lamba ɗaya ce ta hau a cututtukan biyu, maganin da ya ceci wannan ya cuci wancan.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga Maraɗi. Lokotoro maganar masassara da ka kawo ta taɓa ni, diyata mai shekara ukku damanar bara ta yi palu (maleriya) mai tsanani, jikinta kamar garwashi, tafin hannunta ya yi fari fat sai da aka sa mata jini a likita. Shin wannan intalukin ɗin ne ke kawo zafin jikin? Kuma mi ya sa wani yaro na yin palu ya tashi kwana ukku, wani kuma jininsa ya ƙare?

Likita_Nura:
Malam Issoufou Allah ya raya ta. E, zafin daga nan yake. Duk lokacin da jajayen ƙwayoyin jini suka fashe ƙwayoyin maleriya suka fito, garkuwa na sakin IL-1 da IL-6 da wani TNF, su kai saƙo wani sashe na ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki ya ɗaga ma'auni, shi ya sa ake rawar sanyi alhali jiki na ƙuna. Tambayarka ta biyu dalilan da yawa ne, yawan ƙwayar cutar, jinkirin kai yaro asibiti, rashin abinci mai gina jiki, sikila. Amma akwai binciken da aka yi a kan yara a Gana aka buga a 1998, aka ga waɗanda maleriya ta ƙarar musu da jini IL-10 ɗinsu ya yi ƙasa in aka gwada da sauran. Wato wani lokacin ba yawan mai hura wuta ne matsalar ba, ƙarancin mai yayyafa ruwa ne. Sai dai wannan ilimi ne na bincike, yaro mai zazzaɓi gwajin maleriya da auna jini yake buƙata a ranar, ba gwajin intalukin ba.

Bilkisu_A:
Ni tambayata daban, ɗana mai asma ne kuma an ce wani abu eyosinofil ya yi masa yawa, duk abu ɗaya ne?

Ɗan_Lab_Zariya:
Dangi ɗaya ne amma ba shi ba ne, IL-5 ke kiran eyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. Sai dai a nan ƙasar kafin a ɗora wa asma a duba bayan gida da fitsari, tsutsar ciki da tsargiya na ɗaga su sosai, musamman in yaron na wanka a kududdufi ko rafi.

Bari in koma kan Hajiya. Akwai abin da ban faɗa ba ɗazu, shi wannan gwaji yana da laulayi. IL-6 ba ya daɗewa a jini, cikin awoyi yake hawa ya sauka, na safe daban na yamma daban. In aka ɗebi jini aka bar kwalbar a kan tebur ba a juya ta an raba ruwan da ƙwayoyin da wuri ba, ko aka sa a motar haya cikin zafin nan ba ƙanƙara, ga wuta da ake ɗaukewa firij ya huce, lambar na iya canzawa. Kuma injin wannan kamfani da na wancan ba sa ba da lamba ɗaya, 7 ɗin da kika gani ta injin da suka yi amfani da shi ce.

Kocin_Unguwa:
Ni ma na taɓa karanta cewa motsa jiki na ɗaga shi, gaskiya ne? Kar mu je muna cutar da yaran da muke sa wa gudu.

Usman_Dalibi:
Gaskiya ne Koci amma ba cuta ba ce. Masu bincike a Kwapanhagan ta Danmak ne suka nuna tsoka da kanta na sakin IL-6 lokacin aiki, masu gudun fanfalaki nasu kan ninka har wajen sau ɗari, sai ya sauka bayan an huta, kuma IL-10 na biyo bayansa. Wanda ke ɓarna shi ne wanda ya hau ya ƙi sauka wata da watanni.

Tarihinsa ma akwai daɗi. Sunan intalukin a 1979 aka raɗa shi a wani taro a Suwizalan, shi kuma IL-6 a 1986 Hirano da Kishimoto na jami'ar Osaka a Japan suka fito da tsarinsa, daga aikinsu aka samu tosilizumab ɗin, wanda ake sayarwa da sunan Actemra, kuma tun kafin korona maganin amosanin gaɓɓai ne. A 2012 a asibitin yara na Filadalfiya a Amurka an yi wa wata yarinya Emily Whitehead sabon maganin kansar jini da ake sarrafa ƙwayoyin garkuwarta a mayar mata, sai zazzaɓi ya rufe ta matsin jininta ya faɗi har aka sa ta a na'ura, da aka auna aka ga IL-6 ya yi mummunan tashi. Shugaban binciken Carl June 'yarsa na da amosanin gaɓɓai na yara, don haka ya san maganin, aka ba ta, ta farfaɗo. A nan kam awon ne ya nuna hanya.

Likita_Nura:
Haka ne Usman, a irin wannan wuri yana da amfani. Amma a ra'ayina, ga mace mai ciwon gaɓɓai da ba a ma yi mata RF da anti-CCP ba, fara wa da IL-6 kashe kuɗi ne kawai, CRP ya riga ya faɗi abin da zai faɗa a kan kuɗi kaɗan, kuma babu wata shawara da zan canza don na ga 46 maimakon 26.

Ɗan_Lab_Zariya:
Dokta a nan ban bi ka duka ba. CRP sai ya yi awa shida zuwa takwas kafin ya fara motsi, ƙololuwarsa sai wajen kwana biyu, IL-6 kuwa ya riga shi fita. A jariri sabuwar haihuwa da ake zargin cuta ta shiga jini wannan tazarar ba ƙarama ba ce.

Nas_Hauwa:
Gaskiyarka, amma jaririn da ke gabanka ƙarfe biyun dare ba ya shan nono yana nishi, sakamakon da zai dawo bayan kwana biyar daga wani gari me zai yi masa? Mu dai allurar kashe ƙwayoyin cuta ake farawa nan take. In injin na cikin asibitin ne yana ba da amsa cikin awa ɗaya, to wannan wata magana ce.

Ɗan_Lab_Zariya:
Shi ya sa nake cewa a kawo injin, ba a ce gwajin ba shi da amfani ba.

Maman_Khairat:
Na gode muku duka wlh, na karanta komai har na karanta wa ƙannena. Amma Dokta ka yi haƙuri in sake tambaya, domin ita ce ta hana ni barci, maganar kansar fa? In cire ta daga raina gaba ɗaya?

Likita_Nura:
Ba zan ce miki ƙanenki ƙarya ya gani ba. Akwai kansar ɓargo da ake kira mayeloma wadda IL-6 ke taimaka wa girma, akwai wata cutar kaluluwa mai suna Castleman da shi ne jigonta, wasu kansoshin ma yana hawa. Amma ba a gano ko ɗaya daga cikinsu da wannan lamba, kuma ba a kore su da ita. Mace mai shekara 58 da rama da ƙarancin jini dole likita ya duba ta sosai ko da IL-6 ɗinta 3 ne, a tambayi ciwon baya, canjin bayan gida, zubar jini, tari, zufar dare, a laluba wuya da hammata da mama da ciki. Ku gaya masa komai ranar Litinin, har jiƙe-jiƙen da ta sha da duk wani haɗin kemis, ku tafi da kwalayen a leda. Abin da kika kwatanta dai ya fi kama da na gaɓɓai nesa ba kusa ba.

Alh_Mudi_Kwari:
Shi wannan Actemra ɗin ana samunsa a nan? In kuɗi ne a yi magana a taimaka.

Likita_Nura:
Allah ya saka Alhaji. Ana iya samowa amma da tsada ƙwarai, kuma ba da shi ake farawa ba, sai magungunan farko sun gaza. Yana da nasa haɗarin, dole a duba tarin fuka da ciwon hanta nau'in B kafin a fara, kuma da yake yana danne CRP da zazzaɓi, mutum na iya kamuwa da cuta mai tsanani takarda ta nuna lafiya lau. Wani abin kuma, bayan an yi allurar in ka auna IL-6 sai ka ga ya ƙara hawa, domin an toshe masa masauki yana yawo a jini, alhali majinyacin sauƙi yake samu.

Maman_Khairat:
Slm, na dawo da bayani. Mun je yau, likitan ya daɗe yana matsa yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga gaɓɓai tara da suka kumbura. Ya rubuta RF da anti-CCP da feritin, gwajin hanta da ƙoda, na ciwon hanta B da C, hoton ƙirji da na hannu, ya kuma ba mu takarda zuwa wajen likitan gaɓɓai a asibitin koyarwa. Ya ce a dakata da maganin ƙarin jinin sai feritin ya fito. Da na nuna masa ledar magunguna sai ga deksa a cikin haɗin da wani mai kemis ke ba ta, ashe ta fi wata biyu tana sha ba mu sani ba, ya ce kada ta yanke lokaci guda, ya rubuta yadda za a riƙa ragewa. Ya ambaci wani magani metotireksit in gwajin ya tabbata.

Inna_Ta_Gwale:
Shi nake sha 'yata. Ki riƙe wannan da kyau, sau ɗaya ne a SATI ba kullum ba, ni ranar Juma'a na zaɓa don kada in manta, jikata ta rubuta min a jikin kwalin da babban baƙi. Akwai folik asid da ake haɗawa da shi a wata ranar daban. Kuma likitana ya ja min kunne kada in kuskura in sha Septrin muddin ina kansa. Sai ya yi wata ɗaya zuwa biyu kafin ta fara jin daɗinsa, kada ta ce ba ya aiki ta ajiye.

Ɗan_Lab_Zariya:
Yaya in sakamakon anti-CCP ya fito ki sanar da mu. Kuma ki tambaye su awa nawa jinin farko ya yi a hanya kafin ya isa inda aka auna, ina so in sani.

Maman_Khairat:
In sha Allah zan tambaya, Alhamis suka ce mu koma. Inna in ba damuwa zan miki magana ta akwati, Hajiya na so ta ji muryar wadda ta san ciwon.